Shafukan da Jan Biro Bai Taɓa Ba

Kawu,

Wai sai mutum ya mutu kafin ka amsa masa wasiƙa? Tambaya nake, don in haka ne in san abin yi.

Bayan wannan, ina gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da 'yarka Nas. Ka ce mata ina gaishe ta, kuma har yanzu ban yafe mata allurar da ta caka mini da mugunta ba. Ni lafiya lau, ban da tarin da ƙurar takarda ke sa ni. Ina nan a maɗaba'a, a kan injin yanka, inda ka san ni.

Wata uku ke nan da na ba direban babbar mota littafina ya kawo maka. Ya rantse a hannun Nas ya danƙa shi. Babi takwas ne, da hannuna na rubuta su a bayan takardun da inji ya ɓata, a lokacin hutun cin abinci, ina rubutu ina korar ƙuda. Kai ka ce maganar rubutu a rubuce ake yin ta, ba a waya ba. To na rubuto, ina amsa?

Shekara talatin ka yi kana gyara wa mutane littattafai. Ko a nan garin, in na ce ni ɗan ƙanwar Mai Jan Biro ne sai a gyara tsayuwa. Ka gyara wa bare, ka gyara wa 'ya'yan manya da suka yi jami'a. Ni da aka cire daga aji huɗu fa? A ƙasan inji na koyi karatu, a kan manyan takardun da ba a riga an naɗe ba, shafi na ɗaya kusa da na goma sha shida, rabinsu kai ƙasa. Har yau nakan san ƙarshen labari kafin tsakiyarsa. Ban taɓa roƙon kowa ya koya mini komai ba, kai ne na farko, kuma ga abin da na samu.

Littafin a kan Inna ne, ƙanwarka, uwa ɗaya uba ɗaya. Ba ka zo jinyarta ba, ba ka zo jana'izarta ba, na haɗiye. Amma ko shafin da ke ɗauke da ita ba za ka duba ba?

In ba shi da kyau ka ce ba shi da kyau. Ba ƙwai ba ne ni.

Ɗan ƙanwarka.

* * *

Bakin Reza,

Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya, sai ɗan abin da ba a rasa ba na tsufa. Nas tana amsawa, ta ce allura ta gaba ta fi waccan kauri. Ka riƙa ɗaura ƙyalle a hanci in kana yanka, uwarka ma ƙirjinta ba shi da ƙarfi.

Ga littafinka na dawo da shi. Ya daɗe ne don a hankali nake aiki yanzu.

Ka iya jin magana, wannan ba a koyar da shi. Amma kana da ciwo uku.

Na farko, kana gaya mini abin da zan ji. A babi na biyu sau goma sha ɗaya ka ce uwarka mai haƙuri ce. Ban yarda ba ko sau ɗaya, ni da na goya ta. Sai a shafi na talatin, inda mai kaya ta dawo da riga karo na uku, ta warware ɗinkin tana tambayar matar lafiyar yaranta. Nan na ga haƙurin. Ka bar wannan, ka share goma sha ɗayan.

Na biyu, kana aro. Duk inda ka ji tsoron a ce ba ka yi makaranta ba sai ka jawo wata ƙatuwar kalma ka jingina. Ana ganewa, kamar yaro ya sa takalmin babansa. Kalmar da uwarka ba za ta faɗa ba, ka tambayi kanka me take yi a littafinta.

Na uku, fushi. Fushi wuta ce, da ita ake girki, amma ba a zuba wa baƙo ita a kwano. Babi na biyar duka zagin asibiti ne. Ka gaya mini launin bencin da kuka zauna da abin da mai ba da kati yake ci lokacin da ya ce ku dawo gobe, ni zan yi fushin da kaina.

Ka nemi in koya maka, to ga abin yi. Ka samu ƙamus, ko tsoho ne, ka ajiye kusa da inji. Ka yi katin ɗakin karatu. Kullum ka kwafi shafi ɗaya na marubucin da kake so, da hannu, don hannu yana koyon abin da ido ke tsallakewa. Ka sayi ƙaramin littafi ka rubuta duk wata kalma da uwarka take faɗa wadda ba ka ji a bakin wani ba, tun kafin su gudu. Ka zauna a bakin famfo ka ji yadda mata ke faɗa, babu wadda ke ɓata kalma. In ka gama shafi ka karanta shi da ƙarfi ga wanda bai damu da kai ba, inda ya waiga ya kalli titi, nan za ka yanke.

Babi na takwas ka yi sauri, kana son ka gama. Ka sake shi.

Na gaji, zan tsaya nan. Allah ya yi maka albarka.

Kawunka.

* * *

Kawu,

Ina gaisuwa. Tari ya yi sauƙi. Na ga saƙo.

Bari in fara da abin da ka ɗauka ba zan lura ba. Wannan ba rubutun hannunka ba ne. Ina da wasiƙun da ka aiko wa Inna a cikin akwatin keken ɗinkinta, na san yadda kake karkata harafi. Wannan hannun Nas ne, har jan biron da ke gefen shafuka nata ne. Wato ka kishingiɗa kana faɗa, 'yarka tana rubutawa, kamar mai sallamar almajiri a ƙofa. Ban kai ka ɗauki biro saboda ni ba.

Duk da haka na shanye. Na bi shafi shafi. Babi na ɗaya ja, na biyu ja kamar an yanka kaza a kai, na yi dariya ma, don gaskiyarka ce a kan haƙurin nan. Har na zo na bakwai. Shafi goma sha tara, babu ɗigo ɗaya. Fari fat yadda na aika shi. A wasiƙarka ka yi maganar na biyu, na biyar, na takwas, ka tsallake na bakwai kamar mai tsallake kwata. Babin ranar da ta rasu ke nan, Kawu. Shi kaɗai ne na rubuta ba tare da na ci abinci ba.

Ban yarda da idona ba, sai na kai wa ɗalibinka. Ka san shi, wanda ke tara matasa duk Asabar a saman shagon sayar da littattafai yana koyar da rubutu. A ƙofar ya manna takarda cewa shi ne babban ɗalibin Mai Jan Biro, shekara bakwai a gabanka. Na jira har aka watse. Ya karɓa yana tsaye, ya bubbuɗe, ya ga jan, ya ce lallai hannun Malam ya bi ta nan. Da ya zo na bakwai ya karanta shafi biyu, ya sake komawa na farko. Sannan ya miƙo mini ya ce:

"Malam ba ya ɓata tawada a kan gawa. Abin da ya ga zai gyaru shi yake gyarawa. Wannan ka manta da shi, ka zo aji mu fara daga tushe."

Na gode masa. Ka ji, ni, na yi godiya.

Ranar Litinin na jera shafi goma sha taran a ƙarƙashin wuƙar inji, na daidaita gefensu yadda nake yi wa aikin mutane, na danna da hannu biyu. Na juya na sake dannawa. Injin da ke yanka bandir biyar a tashi ɗaya bai ma san ya taɓa wani abu ba. Mai kwashe tarkacen takarda ya zo da la'asar ya tafi da buhunsa.

To shi ke nan, na sauƙaƙe maka. Ba ka zo ka gan ta tana mutuwa ba, yanzu ba sai ka karanta ba. Tambaya ɗaya ta rage: babin ne ba shi da kyau, ko kai ne ba ka iya kallonsa?

Ɗan ƙanwarka.

* * *

Kawu,

Ina gaisuwa, da fatan jiki da sauƙi, don na sake karanta wasiƙarka na ga inda ka ce ka gaji, wanda a karon farko ban gani ba. Wata biyu shiru. Na san na yi baki. Inna takan ce baki shi ke yanka wuya, ni kuwa nawa har da na maƙwabta.

Ba haƙuri na zo bayarwa ba, rahoto na kawo. Na samu ƙamus, babu bango, ya fara daga harafin B, ya ishe ni. Na yi katin ɗakin karatu, matar da ke wurin ta ce in riƙa wanke hannu saboda tawada. Ƙaramin littafin kalmomin Inna ya kai shafi tara. Jiya na tuna yadda take kiran guntun yadin da ya rage "hakkin mai kaya", ta naɗe ta saka a aljihun rigar, sai na kasa ci gaba da yanka, oga ya ɗauka wuƙa ce ta kama ni.

Babi na biyu na sake shi. Na karanta wa mai gadin maɗaba'a, wanda bai damu da ni ba ko kaɗan. Sau biyu kawai ya kalli titi, na yanke wuraren. Ga shi na haɗo. Babu kalmar haƙuri a ciki ko ɗaya.

Ka zuba masa ja yadda kake so. Ko Nas ce ta rubuta, na karɓa.

Ɗan ƙanwarka.

* * *

Ɗan'uwana,

Ina gaishe ka. Ni lafiya, na koma aiki shekaranjiya. Ka zauna kafin ka ci gaba.

Baba ya rasu ranar Talata ta makon jiya da hantsi. Wasiƙarka ta ƙarshe ta iso kwana biyu bayan an kai shi. Ban kira ka ba don na kasa, kuma ina fushi da kai, kuma shi ya ce maganarku a rubuce take. Allah ya jiƙansa.

Yanzu ka ji abin da ya hana a gaya maka. Baba ba ya gani. Shekara biyu ke nan. An yi masa aikin ido a makon da Gwaggo, Innarka, ta kwanta ciwonta na ƙarshe, aikin bai yi ba. Ranar da aka kira aka ce ta cika yana kwance da bandeji a fuska. Ya hana a gaya mata don kada ta ƙara da damuwarsa, bayan ta rasu kuma ya hana a gaya maka, wai kada ka sassauta masa, yana son wasiƙunka da ƙayarsu.

Littafinka ni na karanta masa, in na dawo daga asibiti, shafi uku ko huɗu kafin numfashinsa ya gaji. In ya ɗaga yatsa in tsaya, ya faɗa, in sa ja. Wata ukun ke nan da kake zagi.

Babi na bakwai bai ɗaga yatsa ba. Na kai ƙarshe ina jira, ya ce in sake. Sau uku na karanta masa a kwana uku. Inda ka ce ta sa ka zura mata zare a allura da safen, kana mita don za ka makara, ya ce tun tana yarinya ba ta iya zura zare ba, shi ke yi mata. Ban san idon da ya mutu yana hawaye haka ba. Na ce, Baba, me zan rubuta a kai? Ya ce:

"Ba a taɓa abin da ya daidaita. Ajiye biron."

Ƙa'idarsa ke nan tun kafin a haife mu. Ba ya yabo da baki, shafin da ya dawo fari shi ne yabon. Duk wanda ya zauna gabansa ko na wata ɗaya ya san wannan, har gasa suke yi a kai. Ya ce a shekara talatin bai taɓa mayar da babi sukutum fari ba sai naka. Na ce a rubuta maka haka a wasiƙa, ya ce ai za ka gane. Laifina ne da na bi shi.

Wasiƙarka mai zafi da ta zo, na karanta a zuci, na ce masa godiya kake yi. Ya yi dariya ya ce wannan ba rubutun yaron nan ba ne, in karanta abin da ke takarda. Na karanta masa har inda ka ce ya kishingiɗa kamar mai sallamar almajiri, ya ce kwatancen ya yi, amma a cire "a ƙofa". Daga nan na ce masa wasiƙar ta ƙare. Bai san ka yanka ba. Har ranar Litinin yana cewa in an tashi buga littafin a fara nuna wa mai bugawa babi na bakwai.

Ka ce mini kana da kwafi. Don Allah ka ce mini kana da kwafi.

Ɗalibansa za su yi taron tunawa da shi ranar Asabar ta ƙarshen wata, a babban zauren ɗakin karatu na nan. Mutuminka na saman shago ne zai yi babban jawabi. Sun ce iyali su ma su ce wani abu.

Babi na biyun da ka aiko na karanta shi da ƙarfi a ɗakinsa, ga kujerar. Ban san inda zai ɗaga yatsa ba.

'Yar'uwarka.

* * *

Nas,

Ina gaisuwa, ya haƙuri. Allah ya jiƙan Kawu, ya haɗa shi da ƙanwarsa a inda ido ba ya ciwo. Ni ina nan. Ina cin abinci, kada ki tambaya.

Ba ni da kwafi. Ina tsaye kullum tsakanin injina masu buga dubu a awa guda, ban yi wa shafi goma sha tara kwafi ɗaya ba. Na bi mai kwashe tarkace har inda yake kaiwa, wani fili ne a bayan masana'anta inda ake jiƙa takarda a dama ta. Mutumin wurin ya nuna mini tulin kwalin ƙwai da suke yi da ita ya ce in zaɓa, wataƙila nawa yana ciki. Ba da mugunta ya faɗa ba.

Na zauna in sake rubutawa. Layin farko ya dawo: ranar da Inna za ta rasu sai da ta sa na zura mata zare a allura. Daga nan sai in ji ina kwaikwayon wani yaro da ya fi ni sanin abin da ya faru. Yanzu na san dokoki, na san inda ake yankewa, na iya cire kalmar aro. Wancan babin ban san komai ba lokacin da na yi shi, kuma shi ne Kawu ya ajiye wa biro. Ke kin karanta shi sau uku. Duk abin da ya maƙale miki, ko rabin jimla ne, ko launin zaren, ki rubuto mini kafin ya gudu. Kada ki gyara.

Na san abin da za ki ce, zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Na yarda. Hannuna biyu ne suka danna injin, babu wanda ya riƙe mini su. Ni na kira makaho mai girman kai, ni na tambaye shi ko bai iya kallo ba. Wannan kayana ne, zan ɗauka har kabari, kuma na gode da kika ce masa wasiƙar ta ƙare.

Amma akwai wanda ya karanta shafi biyu, ya koma na farko. Na ga fuskarsa. Kuma duk Asabar yara kamar ni suna hawa matakalar nan da takardunsu a hannu.

Sun ce iyali su yi magana. Oga ya ba ni kwana biyu, zan zo, zan zauna a layin gaba kusa da ke. Ni in na tashi bakina zai ɓata abin, Kawu ya ce ba a zuba wa baƙo wuta a kwano. Don haka na rubuta, na karanta wa mai gadi, bai kalli titi ba. Ke za ki karanta, da muryar da kika karanta wa Kawu, bayan mutumin ya gama jawabinsa kafin ya zauna:

Babban ɗalibi, wata uku da suka wuce wani mai yankan takarda ya kawo maka babin da Mai Jan Biro ya mayar fari. Ka ce masa Malam ba ya ɓata tawada a kan gawa. Ya je ya yanka babin. Duk wanda ya zauna gaban Malam wata ɗaya ya san abin da farin shafi yake nufi, ga su nan cike da zauren, a tambaye su. Kai ka rubuta a ƙofarka shekara bakwai. To ɗaya cikin biyu ne: ko ba ka taɓa zama gabansa ba, ko ka sani ka faɗi abin da ka faɗa. Mai babin yana nan zaune, ga 'yar Malam a tsaye. Kada ka ce mu haɗu a waje. A nan za ka faɗa, gaban mutanen nan: wanne ne?